A nan fom ba ya jin "don Allah"

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da Inna da Baba da sauran mutanen gida. Mu nan Manchesta lafiya lau, sai sanyi da yayyafin da ba ya gajiya. Na ga saƙonki kina tambayar abin da za ki fara tanada kafin neman bizar karatu, akwati ko rigar sanyi. Bar batun riga, a nan ma ana sayarwa. Abin da ba za ki samu a kasuwa ba shi ne takardun da sunanki ya zo iri ɗaya a cikinsu, kuma a kansa zan cika ki da surutu yau.

Shekara uku ke nan ina ƙasar nan, amma ofisoshin gwamnati da na taka da ƙafata ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Kusan komai a waya ake yi. Gwamnatin Birtaniya ta tattara hidimominta a shafi ɗaya mai suna GOV.UK tun 2012, kuma in kin gan shi za ki raina shi: baƙin rubutu a kan fari, babu hoton minista, babu ado, sai koren maɓalli a ƙasa. Tambaya ɗaya ake miki a kowane shafi, ki amsa, ki danna, ta gaba ta fito. Wajen adireshi, lambar unguwa kawai za ki sa, gidajen layin su jero, ki zaɓi naki. Da haka na nemi lambar inshorar ƙasa, wadda ake cire wa ma'aikaci haraji da ita. Rajistar likitan unguwa ma a shafin NHS, wato hukumar kiwon lafiyar ƙasar, na yi ta, ina zaune a bas, ban biya ko kwabo ba.

Ba wai mu a gida ba mu san fom na intanet ba. Ke da kanki a kwamfuta kika rubuta JAMB, BVN tun 2014 ake yin ta, ga NIN mai lamba 11 da aka ɗaure da layin waya. Bambancin yana wajen abin da ke biyo bayan cikewar. Kin tuna lokacin da nake haɗa takarduna? Na cike fom a kafe, wato shagon intanet, aka buga min shi a takarda, na yi fotokwafi uku, na manna hoton fasfo, na sa a fayil, sannan na kai wani ofishi inda aka ce oga ba ya nan, a dawo Litinin. Wato intanet ɗin ba ta rage min tafiya ba, ƙarin tasha ta zama a hanya. A nan kuwa da kin danna maɓallin ƙarshe, imel zai shigo da lambar shaida, shi ke nan magana ta bar hannunki.

To, daɗin ke nan. Ga ɗacin.

A gida in akawu ya ga Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, zai ɗaga kai ya dube ki, ya gane mutum ɗaya ne, ko ki ce "don Allah, Malam, a taimaka" a wuce wurin. Kwamfuta ba ta da ido balle kunya. A wurinta Muhammad da Mohammed da Muhammed maza uku ne da ba su taɓa haɗuwa ba. Mu kuma tsarin sunanmu bai dace da akwatunansu ba tun asali. Su suna da sunan dangi da ake gada kaka da kakanni, mu sunan uba muke jinginawa da namu, wani ya ƙara na kaka, wani na gari, wata ta koma na miji bayan aure. Sai ki tarar a takardar firamare sunan Baba ne a ƙarshe, a ta sakandare na Kaka, a fasfo kuma an juya su gaba ɗaya. Ni wani banki ya riƙe buƙatata mako biyu saboda sunana na tsakiya ya fito a fasfo amma bai fito a wasiƙar wurin aiki ba. Babu wanda zan roƙa. Saƙo ɗaya na'ura ta yi ta maimaita min, cewa bayanai ba su dace ba.

Akwai kuma haruffanmu masu ƙugiya. Fom da yawa ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, kina sa su akwatin zai yi ja. Hatta 'yar waƙafin sama da ke cikin sunaye irin su Sa'adatu da Mas'udu da Ja'afar, wasu shafukan tofar da ita suke yi. Abin ya ba ni haushi da farko, har na ji kamar an yanke wa sunan mutum gaɓa. Daga baya na haƙura da ƙa'ida ɗaya: yadda aka rubuta a fasfo, haka za ki kwafa ko'ina, harafi da harafi, ko da ba haka Inna ke kiran ki ba.

Fom ɗin biza zai tambaye ki ranar haihuwar iyaye. Da na kira Inna a kan nata, dariya ta yi ta ce ita dai an gaya mata shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira aka haife ta, da damina. Shekarar 1973 ke nan, amma akwatin rana da na wata ba su san damina ba. Ki duba abin da ke jikin katin NIN ɗinta ki sa, shi na sa, kada ke ki zaɓo wata ranar daban alhali uwarmu ɗaya. Zai kuma tambayi ƙasashen da kika je cikin shekara 10, da ko an taɓa hana ki biza. Umararki ma tafiya ce, ki rubuta ta. Duk wanda aka kama da bayanin ƙarya ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10, kuma ba za a saurari "ai yaron kafe ne ya cike min" ba. Saboda haka ki zauna ki cike da hannunki. Imel da lambar wayar da za ki sa su zama naki, kalmar sirri kuma kada ta kwana a kwamfutar kowa. Kuɗin da za ki nuna a banki sai sun yi kwana 28 a jere ba su sauka ƙasa da abin da aka ƙayyade ba, takardar bankin kuma PDF ɗin da banki ya bayar za ki ɗora, ba hoton fuskar waya ba.

Da na zo, kati aka ba ni mai hotona a matsayin izinin zama. Irin waɗannan katunan sun ƙare aiki ranar 31 ga Disamba 2024, yanzu izinin yana intanet, eVisa suke ce masa. In mai gidan haya ko wurin aiki yana son tabbatar da matsayina, sai in shiga asusuna in ciro wata lamba mai gurbi 9, haruffa da alƙaluma a gauraye, in tura masa, ya duba da kansa. Kwana 90 take yi ta mutu. Babu abin da zai faɗi a mota ko ya jiƙe a wanki. Sai dai ni har yau zuciyata ba ta gama kwanciya da izinin da ba na iya taɓawa ba, musamman ranar da cajin waya ya kusa ƙarewa a filin jirgi.

Yarjejeniyar hayar ɗakina shafi ashirin da wani abu ce, kuma ban taɓa riƙe ta a takarda ba. Ta DocuSign, wata manhajar sa hannu ta intanet, aka turo, na sa hannu da ɗan yatsa a fuskar waya, sa hannun ya fito kamar tafiyar kaza, amma ya zauna daram a doka. Sauran fom na PDF iri biyu ne. Akwai mai akwatunan da ake dannawa a rubuta, akwai wanda hoton takarda ne kawai, shi sai kin buɗe shi da manhaja irin Adobe Acrobat Reader kin ɗora rubutu a kai. Ki riƙa sauke shi a waya tukuna kafin ki fara. Na taɓa cike shafi shida kai tsaye a burauza, na tura, aka ce min fanko ya iso.

Kada ki ɗauka takarda ta mutu a nan. Lambar inshorar da na nema a waya, a ambulan ta zo ta gidan waya. Wasiƙun haraji da na ƙaramar hukuma haka suke faɗowa ta ramin ƙofa, kuma su ake karɓa a matsayin shaidar adireshi, don haka ba a zubar da su. Akwai ma inda muka fi su. Baba da 'yar wayarsa mai madannai yana danna tauraro da lambobi ya tura kuɗi ba tare da data ba, a nan ban ga mai yin haka ba. Wata tsohuwa maƙwabciyata, Baturiya, sai ta tafi laburaren unguwa inda ake amfani da kwamfuta kyauta, ta jira mai taimaka mata, ko ta ƙwanƙwasa min ƙofa. Ranar da na cike mata wani fom tana ta godiya, sai na tuna yadda a gida irinta ba za ta rasa jika ko ɗan maƙwabci da zai karɓi wayar ya yi mata ba tun kafin ta buɗe baki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran suna yana cin lokaci, ga rantsuwar kotu, ga sanarwa a jarida, ga jiran a sauya a rumbun bayanai. A makon nan ki shimfiɗa takardar haihuwa, da sakamakon WAEC, da shaidar digiri, da NIN, da BVN, da fasfo a kan gado, ki bi suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Ki ɗauki hotonsu da rana, a wuri mai haske, kusurwa huɗu duk su fito, ki turo min in duba daren Asabar in na taso daga aiki.

Ki gaishe min da Inna da Baba, ki ce wa Inna ina nan ina neman hutu.

Yayarki.