Tokyo Story a faifan Criterion: surukar da ta fi 'ya'yan ciki

Fim ɗin Yasujiro Ozu ne na shekarar 1953, baƙi da fari, tsawonsa minti 136. A faifan kamfanin Criterion an wanke hoton ya fito tas, har tattarar fuskar tsofaffin ana gani. Da Japananci ake magana, fassarar Turanci kuma a rubuce a ƙasa. Mai neman dambe da tseren mota kada ya ɓata kuɗinsa, domin kyamarar ma a ƙasa aka dasa ta, kamar kana zaune da su kan tabarma, da ƙyar take motsi.

Tsoho Shukichi da matarsa Tomi sun taso daga Onomichi zuwa Tokyo ganin 'ya'yansu. Babban ɗan, Koichi, likitan unguwa ne, 'yar kuma, Shige, tana da shagon gyaran gashi. Kowa sana'a ta sha masa kai. Babu wanda ya zage su ko ya kore su, kawai dai an rasa lokacinsu, sai aka haɗa kuɗi aka tura su hutu Atami, inda hayaniyar matasa ta hana su barci.

Wadda ta riƙe su ita ce Noriko, matar ɗansu Shoji da ya tafi yaƙi bai dawo ba. Setsuko Hara ce ta fito a matsayinta. Ta nemi izini a ofis ta zaga da su gari, ta kai su ɗan ɗakinta, har abin da za ta ba baƙi sai da ta aro wurin maƙwabciya. Wurin da na fi so shi ne daren da Tomi ta kwana a ɗakin. Noriko na yi mata tausa, tsohuwa na roƙonta ta manta da ɗan nata ta yi aure. Uwar miji ce fa ke faɗin haka! Ita kuwa sai murmushi take, irin wanda ake rufe ciwo da shi. Da safe ta danƙa wa tsohuwar 'yan kuɗi, alhali ita ma ba ta da shi.

Shige ta ba ni haushi, musamman da ta fara zancen tufafin uwarta ana gama jana'iza. Amma ban iya tsanarta ba, don kukan da ta yi na gaskiya ne, kuma Noriko da kanta ta kare ta a gaban auta Kyoko, cewa kowa da rayuwar da ke jansa. Ba mamaki daraktocin duniya suka sa fim ɗin a na ɗaya a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound ta 2012.

Kafin ka saya, duba na'urarka. Blu-ray ɗin Criterion na Amurka a kulle yake ga yankin A, Afirka kuwa tana yankin B, sai na'urar da ke cin kowane yanki za ta kunna shi.