Shuɗiyar kalar da ake zubawa a injin feshi: tana da amfani, amma tana da ɓarna

Wasu magungunan ciyawa, irin su gilifoset, idan an gauraya su da ruwa kusan ba su da launi. Ka fesa a kan ganye, cikin 'yan mintoci ranar Kano ta busar da shi, ka waiwayo ba ka san inda ka tsaya ba. Gilifoset, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Roundup da Force Up, sai ya yi kamar mako ɗaya zuwa biyu kafin ciyawa ta mutu sosai. Wato kuskuren da aka yi yau ba za a gan shi ba sai an manta yadda aka yi aikin. Wannan giɓin kalar shaida ta zo ta cike: ruwa ne mai kauri, shuɗi ƙirin, ana zuba kaɗan a tanki, duk inda feshi ya sauka sai ya bar alama ta kwana ɗaya ko biyu, sannan rana da ban ruwa su goge ta.

Sanannun sunaye a kasuwar duniya su ne Blazon, Hi-Light, Turf Mark da Mark-It Blue. Ba kaya ne da ya cika shagunan maganin gona kamar gilifoset ba, don haka a Sabon Gari sai an tambaya, wani lokaci kuma sai an yi oda ta intanet. Kalar ba ta kashe komai, ba ta ƙara wa magani ƙarfi. Mai shagon da ya ce maka tana sa magani ya ƙara kamawa, kayansa kawai yake tallatawa.

Inda ta fi biyan kuɗinta shi ne feshin tsinta, wato bin ciyawar banza ɗaya bayan ɗaya a cikin ciyawar ado. A gidajen Nasarawa da Bompai, da harabar makarantu da otal-otal, abin da ke lalata shimfiɗar kiri-kiri ko kafet giras da damina sanannu ne: nonon kurciya, fasa-ƙabba, tsidau, kashin yawo da gadon maciji a cikin masu faɗin ganye, sai tuji da harkiya da gude-gude a cikin dangin ciyawa, ga kuma aya-aya da ba ta jin magana. Ba a jere suke fitowa ba, nan tsiro uku, can goma. Mai feshi yana yawo yana sunkuyawa, babu makawa ya maimaita wani wurin ya tsallake wani. Maimaitawar ce ta fi ciwo. Maganin 2,4-D an yi shi ne ya kashe masu faɗin ganye ya ƙyale ciyawar ado, amma wannan rangwamen a kan ma'aunin da aka rubuta yake. Idan wuri ɗaya ya sha sau biyu, ya sha ninki ke nan, sai ka ga tabo rawaya a tsakiyar kore, musamman a watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40. Da kala a tanki, ido ne ke hana hannu komawa.

A lura da abu ɗaya tun da wuri: 2,4-D ba ya taɓa tuji ko harkiya, don dangin ciyawa ne kamar kiri-kirin da ake so a raya. Su sai cirewa da hannu, ko a shafa musu gilifoset da soso a hankali, domin gilifoset duk koren da ya taɓa nasa ne. A nan ma kalar tana taimakawa, don ɗigo ɗaya da ya faɗa kan ciyawar ado za a gan shi a wanke da ruwa nan take.

Batun ma'auni. Yawancin kwalaben da ake yi a Amurka suna rubuta rabin awunsu zuwa awunsu ɗaya a galan ɗaya na ruwa ga injin goyo. Awunsu ɗaya kusan mililita 30 ne, galan ɗinsu kuma lita 3.8, don haka lissafin ya kama mililita 4 zuwa 8 a kowace lita. A tanki mai lita 16, kimanin mililita 65 zuwa 125 ke nan. A mai lita 20, 80 zuwa 160. Kwalba mai mililita 946 za ta yi tanki 8 zuwa 15 na lita 16. Akwai masu kauri da ake zuba ƙasa da haka, saboda haka takardar jikin kwalba ce alƙali. A ra'ayinmu a fara da ƙaramin ma'auni. Gajeriyar ciyawa da aka aske, ko ƙasa mai rairayi, ba ta buƙatar kala mai yawa. Doguwar ciyawa mai duhun kore ta tsakiyar Agusta ita ce ke shanye launi har sai an kai babban ma'auni. A auna da sirinji mai mililita 20 da aka keɓe don wannan aikin. Gwangwanin madara da aka saba awo da shi ya yi girma, kuma zubawa daga bakin kwalba kai tsaye ita ce hanya mafi sauri ta rina hannu da murfin tanki.

Haɗawa ba ta da wuya. A zuba ruwa rabin tanki ta cikin rariyar bakin injin, a sa maganin, a rufe a jijjiga, sannan a sa kala a ƙarshe a cika ruwa. Dalilin barinta ƙarshe shi ne da zarar ruwa ya yi shuɗi ba ka iya ganin ko maganin ya narke ko ya dunƙule. Idan magani sabo ne a gare ka, gwada a ƙaramar kwalba tukuna: ruwa rabin lita, magani da kala daidai lissafi, a bar shi minti 15, in ya tsinke ko ya kwanta a ƙasa, kada ya shiga tanki. Ruwan ma a duba shi. Gilifoset yana manne wa laka, ruwan kududdufi ko na rijiyar da ta gurɓace yana rage masa ƙarfi, kuma kalar tana ɓoye dattin ruwan har ka ɗauka lafiya lau ne.

Babban abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne kalar tana nuna inda feshi ya sauka, ba ta faɗin yawan da ya sauka. Mutane da yawa suna tsayawa a kan tsiro suna ta dannawa har sai ya yi shuɗi sosai yana ɗiga, wai don su tabbatar. Wannan asara ce biyu: maganin da ya zuba ƙasa ya tafi, ciyawar da ke kewaye kuma ta sha fiye da ƙima. Ganye ya jiƙe kawai, shuɗin ya fito sama-sama, a wuce. Don feshin fili gaba ɗaya kuwa, sai an auna injin da tafiyar mai goyonsa. A auna mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, a cika tanki da ruwa zalla da ɗan kala, a fesa da tafiyar da aka saba, sannan a auna ruwan da ya cike gurbin. In lita 2 ne, to lita 200 ke nan a hekta, kuma tanki mai lita 16 zai rufe murabba'in mita 800. Idan takardar magani ta ce lita 2 a hekta, rabon tanki ɗaya mililita 160 ne. Fuloti mai ƙafa 100 da 50 bai wuce murabba'in mita 465 ba, gini ma ya cinye fiye da rabi, don haka yawancin gidaje rabin tanki ya ishe su. Haɗa cikakken tanki a irin wannan gida shi ke sa a zagaya sau biyu don kada a zubar da saura.

Wannan gwajin na ruwa da kala, in an yi shi a kan tsohon kwali ko takardar buhun siminti, yana tona asirin kan feshi, wato bakin sandar da ruwan ke fita ta cikinsa. Ga maganin ciyawa ana son kai mai watsa ruwa a baje kamar mafici, ko mai buga ruwa a jikin harshe ya bazu, a riƙe shi kimanin santimita 50 daga ganye, da matsi kaɗan. Kai mai yin hazo a zagaye na maganin ƙwari ne. Ɗigonsa ƙanana ne, iska na kwashe su. Idan shuɗin ya fito da layi-layi, ko gefe ɗaya ya fi duhu, kan ya toshe ko ya cinye. A wanke da tsohon buroshin haƙori, ba da allura ko waya ba, kuma ba a busa shi da baki.

Akwai wani amfanin da masu sayarwa ba su cika ambata ba, mu kuwa muna ganin shi kaɗai ya isa dalilin saye. Kalar tana nuna maganin da ke hawa jikin mutum. Bayan tanki ɗaya a duba bayan riga, wuyan hannu da ƙwauri. Shuɗi a gadon baya na nufin robar murfi ta mutu ko an cika tanki ya wuce layi. A tafin hannu, maƙunnin sandar feshi na yoyo. A ƙafa, mai feshi yana taka inda ya fesa. Duk wannan yana faruwa ko babu kala, ba a gani ne kawai. Maigidan da ya ɗauki yaro aikin feshi da silifas da singileti, ya ga ƙafafunsa sun rine, ya san takalmin roba mai tsawo da safar hannu ta roba ba ƙawa ba ne. Haka ɗigon da iska ta kai kan zogale, tumatir, kuɓewa ko furannin bakin katanga: 2,4-D kaɗan ke murɗe musu ganye, kuma alamar shuɗi a kansu gargaɗi ne a dakata har iska ta kwanta. Da sassafe bayan raɓa ta ɗaga ya fi, kuma in hadari ya haɗo a fasa, don gilifoset yana son awa huɗu zuwa shida babu ruwa.

Aibinta tabo ne, kuma ba ƙarami ba. A kan ganye tana gushewa, amma siminti, intalok, farar katanga da dutsen ado suna tsotse ta, musamman in ɗanyarta ce ta zube ba a sirka ba. Galibin masu arha rini ne na gaske. Blazon kuwa an yi shi ne don ya fi saurin wankuwa daga fata da tufafi, shi ya sa wanda gidansa ya sha tayil da intalok ya kamata ya neme shi ko da ya fi tsada. A yi haɗi a kan ƙasa ko cikin tsohon baho, nesa da rijiya da magudanar ruwa. In ta zuba a siminti a kwarara ruwa kafin ta bushe; in ta bushe sai bilic da aka sirka da buroshi. Farar shadda ba ta zuwa kusa da wurin. Yara da kaji da kyanwa a tsare su sai feshi ya bushe, kuma gushewar shuɗi ba ita ce shaidar magani ya tafi ba; takardar maganin ce ke faɗin lokacin komawa.

A garin da ake rini a Ƙofar Mata tun ƙarnoni, dole wani ya ce me zai hana a zuba bula ko kalar rinin shadda. Bula ta gari ba ta narkewa, rataye take a ruwa, za ta kwanta ta toshe rariya da kan feshi. Kalar rinin zamani kuma da soda mai ci ake tayar da ita, an yi ta ne don ta kama ta zauna, ba don a haɗa ta da maganin ciyawa ba. Kalar abinci ba ta da wannan haɗarin, sai dai ba ta da kauri, kafin ta fito a kan koren ganye an kashe abin da ya kai kuɗin ta gaskiya.

Bayan aiki a ɗauraye tanki sau uku, kowane karo a buga famfo ruwan ya bi ta tiyo da sanda har ya fito fari, a zubar a inda aka riga aka fesa. Farin tanki zai ɗan rine, wannan ba komai, illa layin awo ya yi wuyar gani, sai a bi shi da alƙalamin maka ta waje. Fitowar farin ruwa ba ta nufin 2,4-D ya fita sarai. Yana maƙalewa a roba da tiyo, don haka injin da ya sha shi kada ya koma kan kayan lambu.

Mai kula da harabar makaranta, filin ƙwallo ko gidaje da yawa, da duk mai ba wani aikin feshi ba ya tsaye a kai, ya saya. Wanda ciyawarsa ba ta wuce faɗin tabarma huɗu ba, kewaye da intalok, fartanya da hannu sun fi masa sauƙi da arha.