Ruwan ramin kifi ya yi kore: ƙuman ruwa, alif ko kainuwa?

Duk mai kiwon tarwada a Rigasa ko Mando a Kaduna ya san ranar da ruwan rami ke komawa kamar miyar kuka, wari ya tashi, kifi ya taso sama da asuba yana haƙon iska. Gansakuka ce ta cika ruwan, ta samu taki daga ragowar abinci da kashin kifi. Kafin ka fitar da kuɗi, ga abin da kowace dabara ke iyawa.

Mu fara da wadda ake ta zance a kanta, wato ƙuman ruwa. Sunan ne kawai ƙuma, amma danginsa su ne jatan lande da ƙaguwa, kuma ba ya cizo. Babbansa bai wuce milimita 5 ba. Ɗebo ruwan a kwalba ka ɗaga wa rana, za ka ga 'yan ɗigo suna zillo, tsalle kaɗan su tsaya, tsalle kaɗan su tsaya. Da ƙafafunsa yake tace ruwa, yana haɗiye gansakuka da ƙwayoyin bakteriya, kuma mata na haihuwa ba tare da namiji ba, shi ya sa 'yan kaɗan ke cika tanki cikin makonni. A 2023 masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ƙarƙashin Farfesa Luisa Orsini, suka nuna cewa nau'in ƙuman ruwa da ake kira Dafniya ya rage maganin rage ciwo diklofenak a ruwa da kashi 90 cikin ɗari, maganin ciyawa atrazin da kashi 59, gubar asinik da kashi 60. Wannan a ɗakin gwaji ne, da irin da aka zaɓo musamman domin juriya.

Sai dai Kaduna ba Birmingham ba ce. Dafniya na son ruwa mai sanyi, wajen digiri 20. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, zai yi maka aiki. Da zafin Maris da Afrilu ya kama, sai ka wayi gari tankin ya yi tsit. Ƙanensa Moina, wanda da ƙyar yake kai milimita 1, shi ne ɗan gida: yana jure zafi, yana jure ƙarancin iska, kuma masu ƙyanƙyashe kifi sun daɗe suna ciyar da 'ya'yan tarwada da shi. Da ni ke saye, Moina zan nema wurin masu ƙyanƙyasa, mai rai, in gan shi yana motsi a kwalba kafin in biya. Busassun ƙwai da ake tallatawa a intanet suna iya ƙyanƙyashewa, amma ba ka san irin da ke ciki ba sai bayan kuɗinka ya tafi. Ka kuma duba kada a haɗa maka da tsutsar sauro, ita doguwa ce, tana lanƙwasa jiki.

Kuskuren da na ga wani maƙwabcina ya yi shi ne juye ƙuman ruwan kai tsaye cikin ramin kifi. Ai ya kai wa kura ajiyar nama. Kafin la'asar kifin ya share su tas. Sai an yi musu tankinsu daban a inuwa, a riƙa zubo koren ruwan ciki, in ya washe a mayar. Rarar kuma ka kwashe da rariya mai laushi ka ba ƙananan kifi, ka rage kuɗin abinci. Kada ruwan famfo mai kulorin ya taɓa su, haka feshin maganin ƙwari. Saurin mutuwarsu ne ma ya sa ake gwada dafin ruwa da su a ɗakunan bincike.

Alif kuwa kowa ya san shi, yana nan a kasuwa, mai araha. Yana dunƙule laka ta kwanta cikin awoyi. Amma yana ƙara wa ruwa tsami, in ya yi yawa ya kashe kifi, kuma dattin na nan a ƙasa. Maganin ruwan damina mai jan laka ne, ba na gansakuka mai dawowa duk mako ba. Garin ƙwayar zogale ma yana kwantar da laka, sai dai na bokiti ne da randa.

Kainuwa kyauta ce, dashen Allah, kuma saiwarta na zuƙe takin da gansakuka ke ci. Sharaɗinta a killace ta a gefe ɗaya a riƙa kwashewa, in ba haka ba ta rufe ruwan ta ruɓe a ciki. Injin hura iska shi ke ceton kifi da dare, amma ba ya cire gansakuka, ga kuɗin mai ko na sola.

Mai rami ɗaya ko biyu, Moina a tanki da ɗan kainuwa sun ishe shi, muddin ya rage yawan abincin da yake watsawa. Wanda ruwansa ke gangarowa daga kwatar masana'antu ko wurin rini ko garejin kanikawa, ya fara kai samfuri a gwada, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa nan a Mando. Ƙuman da ya haɗiye dafi ba a ba kifi shi, kuma ruwan da ya tace na ban ruwa ne da kiwo, ba na sha ba.