Matatar ruwan wanka ta tonno: tana aiki, amma ba kamar yadda ake tallarta ba

A Yamai ruwan pampo daga kogin Isa yake fitowa, a tace shi a Goudel da Yantala, a biya kuɗinsa kowane wata, a ƙarshe ya ƙare a gologo ko ya kwanta a tsakiyar layi. Shi ya sa wasu magina da masu gyaran pampo ke haɗa wa gidaje matata da tonno mai lita 200, su ce ruwan wanka da na wanki zai koma na ban ruwa. Dabarar tana da kyau, yadda ake haɗa ta ne ke da gyara.

Ana huda tonnon roba daga ƙasa a sa masa kan pampo. A zuba manyan tsakuwa kamar santimita 15, ƙananan tsakuwa santimita 10, gawayi dakakke santimita 15, sai rairayi santimita 30 a bisa. Tiyo ya kawo ruwa daga makewayi. Makon farko ruwan na fita garau, mai gida ya yi murna. Bayan ƴan makonni sai ya fara kwanciya bisa rairayi, ya yi baƙi, ya yi wari.

Dalilin lissafi ne. Faɗin bakin tonno bai kai santimita 60 ba, wato kusan rubu'in murabba'in mita. Gida mai mutum takwas, kowa ya yi wanka da bokiti mai lita 20, lita 160 ke nan, ban da wanki. Zuba wannan a tonno ɗaya daidai yake da tsayar da ruwa mai zurfin santimita 60 bisa rairayin kowace rana. Rairayi ba ya ɗaukar haka, yana bukatar ya sha iska tsakanin zubi da zubi, don ƙwayoyin da ke cinye dattin su rayu. Tonno ɗaya na mutum ɗaya ne ko biyu. Gida mai yawa rami na siminti yake bukata, mita 1 a mita 2, inda lita 160 ɗin za ta baje santimita 8 kacal.

Kuskure na biyu ya fi yawa: haɗa ruwan wanke-wanke kai tsaye. Man gyaɗa da kitsen miya suna taruwa su toshe rairayi cikin kwanaki. Dole a sa matarin mai a gaba, bido mai lita 25 ma ya isa. Ruwa ya shiga ta bisa, tiyon fita kuma ya lanƙwasa ya nutsa ƙasa da fuskar ruwa, ta yadda mai zai taso ya tsaya. A kwashe shi kowane mako. Maginin da bai kawo zancen wannan ba, bai san aikin ba, ko da kuwa siminti nasa sumul ne. Haka rairayin tudu mai laushi, bai dace ba. Na kogi mai tsakuwa-tsakuwa ake so, a wanke shi har ruwan ya daina yin ja.

Sai batun da ya fi damun mu. Ruwa ya fita garau ba ya nufin ya tsarkaka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ta ce ruwan da za a ba ganyen da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwayoyin cutar bayan gida guda 1000 a mililita 100, da ƙwan tsutsar ciki ɗaya a lita. Babu mai tonnon da zai iya ba ka tabbacin haka. Kada a ba salati wannan ruwa, kuma kada ruwan wankin tsummokaran jarirai ya shiga ciki. A ba bedi, mangwaro, lemu da zogale, a gindinsu, ba bisa ganye ba. Kada ya wuce kwana ɗaya a ajiye, kuma a rufe shi saboda sauro.

Gishiri kuwa gawayi ba ya cire shi. Omo na ɗauke da sodiyom, a hankali ƙasa ta ƙandare ta daina shan ruwa. An ga irin wannan a Kossodo ta Wagadugu, inda ruwan masana'antu da ke shiga matatar birni ya lalata ƙasar masu garka. A gida, ruwan wankin farko ya tafi gologo, na ɗauraya da na wanka kaɗai su shiga matata.

In hukumar birni ta zauna lissafin babban shiri, misalin Windhoek ta Namibiya zai zo, wadda ke maida ruwan datti na sha tun 1968. Amma can akwai bututun da ke tattara ruwan gidaje, mafi yawan unguwannin Yamai kuwa ba su da shi, kuma shimfiɗa shi ne zai ci kuɗi mafi yawa. A ganinmu abin da ya fi gaggawa shi ne tace ruwan Gounti Yéna, kwarin da ke ratsa Yamai ɗauke da ruwan datti, kafin ya kai ga masu garka, da horar da magina kan ma'auni guda.

Ga mai son saye: gida ƙarami mai bishiya biyu ko uku, tonno ya wadatar. Kafin ka biya, ka ce ya nuna maka matarin mai, da hanyar da ruwa zai bi in matatar ta toshe. Ka kuma tambaye shi wa zai kankare santimita 3 na saman rairayi in ruwa ya fara jinkiri, kuma ko kuɗin wannan na cikin ciniki.