Kwana biyu a ɗakin adana tarihi na jami'ar Baba: sunansa na nan, fuskarsa ce ta ba mu wuya

Hoto ɗaya tak muke da shi na ranar da aka yaye Baba daga jami'a, kuma gara ta cinye shi. Yana cikin akwatin katako a ɗakin da muka rufe bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Damina biyu ta wuce ba wanda ya leƙa, ranar da muka buɗe sai ƙasa muka tarar da guntayen takardu. Umma ba ta ce uffan ba a lokacin. Sai da aka sa ranar bikin yaye su autarmu, muna zaune bayan isha'i, ta ce da hoton nan yana nan da an jera shi da na auta a bangon falo. Maganar nan ce ta sa na ɗauki hutun kwana uku, na hau mota daga Gusau zuwa jami'ar da ya yi karatu, domin na ji an ce suna da sashen da ke ajiye takardu da hotunan bukukuwan jami'a.

Kafin na tashi na aika saƙo sau biyu ta adireshin imel da ke shafinsu na intanet, shiru kamar an shuka dusa. Lambar wayar da aka sa ma ba ta shiga. Don haka duk mai niyya ya sa a ransa cewa da ƙafarsa zai je. A bakin ƙofar jami'a masu gadi ba su san wurin ba, suka tura ni ofishin magatakarda, can kuma aka zaci takardar sakamako nake nema aka miƙo mini fom. Aikin biyu daban ne: satifiket da sakamakon jarrabawa suna hannun magatakarda, amma littattafan biki da jawabai da hotuna suna wani ɗaki a bayan babban ɗakin karatu. Sai wajen sha ɗaya na safe na gano ƙofar, ba allo, ba alama.

Daga nan ne abubuwa suka fara daɗi. Dattijo ne na tarar, da furfura a gemu da tabarau rataye a wuya, tare da wani matashi da ke taya shi. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya yi wa Baba addu'a tukuna, sannan ya ce, "Ɗana, wace shekara ya gama, kuma wace shekara aka yaye shi?" Na ce ai duk ɗaya ne, 1979. Ya girgiza kai. Ya ce mutum kan rubuta jarrabawar ƙarshe ya tafi bautar ƙasa, wadda gwamnatin Gowon ta kafa tun 1973, sai bayan watanni ya dawo ya sa rigar biki, wani sa'in ma shekara ta juya. A 'yan shekarun nan kuwa, da yajin aikin malaman jami'a irin na 2022 da ya ci wata takwas, sai a tara ɗaliban shekara biyu ko uku a yaye su rana ɗaya. Saboda haka ya sa yaron ya ɗauko kwalaye uku, na 1978 da 1979 da 1980.

Na cike fom na shafi ɗaya, na biya kuɗi kaɗan a banki na kawo rasit, kuɗin bai kai rabin na motar da na hau ba. Aka karɓi jakata da birona, aka ba ni fensir. Malam ya sa na wanke hannu na shanya kafin na taɓa komai, kuma ya hana ni lasar yatsa wajen buɗe shafi. Da farko na ga kamar tsanani ne, da na riƙe takardar na ji yadda gefenta ke karyewa kamar busasshen ganye sai na ba shi gaskiya.

Littafin biki shi ne abin da ya fi burge ni a duk tafiyar. Ɗan siriri ne, bangonsa ya koɗe, ƙarafan da aka ɗinke shi da su sun yi tsatsa har sun bar tabo ja a tsakiya, amma duk harafin da ke ciki yana karantuwa. Shafukan farko tsarin shiga fili ne: wa zai fara, wa zai biyo, inda mai ɗauke da sandar girma zai tsaya, sannan shugaban jami'a, sannan uban jami'a a ƙarshe. Daga nan sai waɗanda aka ba digirin girmamawa da bayanin yabon kowannensu, sai jerin ɗalibai tsangaya bayan tsangaya, kowace an raba ta bisa darajar digiri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙanƙantar jerin. Wani sashe duka mutum bakwai ne, wani goma sha biyu, mata kuwa sai ka juya shafi biyu kafin ka ci karo da suna ɗaya. A wancan lokaci jami'o'i 13 ne kacal a faɗin Najeriya, bakwai daga cikinsu ma sai a 1975 aka kafa su. Littafin bikin su auta da na gani daga baya ya fi wannan kauri ninki biyar, kuma da ƙananan haruffa.

Na bi jerin tsangayarsa sau biyu ban ga Baba ba, gabana ya faɗi. Malam ya leƙo ya ce, "Da wane suna yake amsawa a makaranta?" Ashe nan gizo ke saƙa. Mutanen zamaninsu da yawa da sunan garinsu aka rubuta su tun daga firamare, kamar yadda muka san Aminu Kano da Shehu Shagari, kuma jerin yana bin harafin farko na sunan ƙarshe. Ni ina nema a ƙarƙashin sunan kakanmu, shi kuwa yana can ƙarƙashin sunan ƙauyenmu. Sannan tafiretar da aka buga da ita ba ta da haruffa masu ƙugiya, sai ƙ ta zama k, sunan ya koma kamar na wani gari dabam. Da yatsana ya sauka a kan layin, a littafin da ke cikin kwalin 1979, sai da na ɗan kawar da kai. Suna ne kawai da tawada baƙa, tsakanin sunayen mutum biyu da ban sani ba, amma na daɗe ban ji kusanci da shi irin na wannan lokacin ba. Malam ya ba ni wuri, ya koma teburinsa yana wani aiki har na natsu.

Washegari muka shiga hotuna, nan kuma labarin ya canza. Hotunan baƙi da fari ne, masu kyau ƙwarai, an wanke su a takarda mai kauri, har tuntun hula kana gani zare-zare. Suna cikin ambulan ambulan, a kan kowanne an rubuta shekara da fensir, shi ke nan. Na manyan baƙi ne kaɗai ke da rubutu a baya. Ɗalibai kuwa, ga su nan sahu-sahu cikin riga iri ɗaya da hula iri ɗaya, ba suna, ba tsangaya, ba ko lambar da za ta haɗa hoto da shafin littafi. Wato sunaye suna kwali ɗaya, fuskoki suna wani, kuma babu abin da ya ƙulla su sai ƙwaƙwalwar waɗanda suka halarta. Wannan shi ne babban raunin wurin a ganina, ya fi rashin allo da matacciyar waya nesa ba kusa ba, domin waɗanda suka gama a 1979 yau sun kai shekara saba'in ko sun kusa, kuma kullum ana raguwa.

Wajen awa huɗu na yi da madubin ƙara girma a hannu. Wasu hotunan sun manne da juna saboda laima, Malam ya hana a ɓamɓare, ya ce fuskar za ta biyo bayan ɗayan. Akwai gwangwanin fim da ya buɗe mini, wani tsami mai hawa kai ya bugi hancina; ya ce alamar fim ɗin ya fara ruɓewa ke nan, kuma zafi ne ke gaggauta shi. Ɗakin yana da na'urar sanyaya wuri, amma a kwana biyun da na yi wuta ba ta yi awa uku a jere ba. Tagogi an toshe su da tsumma saboda ƙurar hunturu. Ana ganin ƙoƙarin mutum biyun nan a ko'ina, kwalayen a kan kanta suke nesa da ƙasa, ba kyankyaso, ba gara, sai dai ƙoƙarin mutum biyu yana da iyaka.

Abin da ban zata ba shi ne na baya-bayan nan sun fi na da lalacewa. Na tambayi hotunan shekarar da yayarmu ta gama, 2008, don in haɗa mata. Yaron ya ɗauko faifan CD guda huɗu, biyu suka ƙi buɗewa sam, ɗaya kuma bidiyo ne da ke tsayawa a tsakiya. Kaset-kaset na bidiyo na shekarun 1990 suna nan jere, ba na'urar kunna su. Malam ya ce tun da aka koma ɗaukar hoto da kyamarar zamani, mai hoto kan tafi da kayansa a kwamfutarsa, in an ci sa'a ya kawo kwafi. Takardar da aka buga da tafireta shekara arba'in da wani abu tana nan daram, ta jiya-jiya ta tafi.

Ban iya tantance Baba da kaina ba, saurayi ne siriri a lokacin, ni kuwa da ƙiba da gemu na san shi. Na zaɓi hotuna tara da nake zato aka yi mini sikanin. Na'urarsu ƙarama ce irin ta shagon buga takardu, kuma da farko yaron ya ɗauka da ƙaramin ma'auni, fuskokin sahun baya suka dagule. Na roƙe shi ya maimaita a kan babban ma'auni na 600 dpi, mai fito da hoto tar, ya yi ba tare da ɓata rai ba, ko da yake kowane hoto sai da ya ci mintuna. Duk wanda zai je ya tafi da filashinsa, kuma ya faɗi ma'aunin da yake so tun farko. An kuma bar ni na ɗauki shafukan littafin da wayata, bisa sharaɗin kada in kunna fitila. Jawabin uban jami'a na shekarar babu shi a kwalin. Malam ya ce in gwada tsofaffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Kaduna, ko a Gidan Arewa ko a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, domin a wancan zamani jaridu kan ba irin wannan biki fili sosai.

Zan ba kowa shawarar zuwa, musamman wanda iyayensa suka yi jami'a kafin 1990, amma kada ya je shi kaɗai yadda na yi. Ya ɗauki wani dattijo da ya yi zamani da su. Na gane haka ne da na dawo gida na kai wa Baffa, aminin Baba da suka kwana ɗaki ɗaya a jami'a, hotunan a kwamfuta. Ko tabarau bai gyara ba ya fara nuni da yatsa: wannan ya zama alƙali, wannan ya rasu a hanyar Makka, wannan shi ke ja musu salla a masallacin ɗalibai. Mutum goma sha ɗaya ya kira da suna a zama ɗaya. A hoto na shida ya tsaya, ya yi shiru, ya ce, "Ga mutumin nan." Sahu na uku ne, daga gefe, kafaɗar wani ta rufe rabin fuskarsa.

Umma ta karɓi kwamfutar ta matso da ita kusa da ido. Ta ce ba sai an gaya mata ba, ga agogon nan a hannun dama, shi kaɗai ta sani da ke ɗaura agogo a dama. Mun wanke hoton babba, yana bango kusa da na auta. Sunaye goma sha biyun kuma, har da na Baba, na rubuta su a takarda, kowanne da sahunsa da lambar hotonsa, na ba wani direba da ke bin hanyar ya kai wa Malam. Bayan kwana huɗu ya kira ni da wayarsa ya ce ya sa takardar a cikin ambulan ɗin 1979, kuma in Baffa zai iya tafiya, akwai sauran hotuna fiye da talatin da ban zaɓa ba.