Malami ko Manhaja: Wa Zai Jagoranci Ɗalibi a Na'urar Kwaikwayon Tuƙi?

Masu sha'awar tuƙin jirgin sama sun sha tambayata: a na'urar kwaikwayon tuƙi, wato wadda ake gwada tuƙin jirgi a cikinta ba tare da an tashi sama ba, gara malami ya zauna kusa da ɗalibi, ko manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ta jagorance shi?

Ta fuskar kuɗi, manhaja ta fi sauƙi. Ba ta gajiya, ba ta jiran albashi. Ɗalibi zai yi ta maimaita saukar gaggawa har tsakar dare, tana lissafa masa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Ba sabon abu ba ne ma: tun shekarun 1990 masana a Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka ƙera wata manhaja mai suna Steve domin koyar da sojojin ruwan Amurka sarrafa injinan jirgin ruwa.

Raunin manhaja shi ne abin da aka tsara mata kaɗai take aunawa. Malami kuwa yana ganin gumi da rawar hannu, ya gane tsoro ne ya jawo kuskuren. Ga kuma maganar lasisi: sa hannun malami mai izini hukumomi ke nema.

Sabon shiga mai ƙaramin ƙarfi da ke neman hannunsa ya faɗa, manhaja za ta ishe shi. Wanda ya doshi jarrabawar lasisi kuwa, malami ne ya dace da shi.