Agwagwar da ke raka 'yata ɗibar jini

'Yata mai shekara 5 tana da sikila, kuma a Amurka muke zaune. Ciwon gaɓoɓi idan ya tashi akwai maganinsa. Tsoron allura ne ya fi ƙarfinmu. Ranar ɗibar jini tun a mota take fara kuka, a ɗakin kuwa sai an rirriƙe ta, jijiya ta ɓace, a soka nan a soka can.

A asibitin ne wata ma'aikaciya da aikinta shi ne kwantar wa yara hankali ta ba mu My Special Aflac Duck. Mutum-mutumi ne mai siffar agwagwa, jikinsa da laushi. Kamfanin inshora na Aflac ne ya ɗauki nauyinsa, kamfanin Sproutel ya ƙera, aka fito da shi a 2018 domin yara masu ciwon daji, sannan a 2022 aka haɗa da masu sikila. Kyauta ake bayarwa ga yaro daga shekara 3 zuwa sama.

Da farko na raina ta, na ce abin wasa ne kawai aka yi wa ado da suna. Idan an shafa ta tana motsi, tana kukan agwagwa, tana karkato kai. Akwai manhajar waya da ake yi mata wanka da ba ta abinci, amma wannan bai daɗe yana burge yarinyar ba, ni ma ban matsa ba, kallon waya ya riga ya yi mata yawa.

Inda ta yi min rana shi ne 'yan faifai masu zanen fuska da take zuwa da su: mai murna, mai fushi, mai tsoro, mai baƙin ciki. Yaro ya ɗora ɗaya a ƙirjinta, sai ta yi irin wannan yanayin. Mu mun tashi ana ce mana "yi haƙuri, daure", kuma 'yata ta ɗauko wannan. Ka tambaye ta ina ke ciwo, sai ta sunkuyar da kai ta ce babu. Yanzu agwagwa ke faɗa a madadinta. Ta ɗora faifan tsoro ta ce, "Umma, ita ce take jin tsoro." Ni kuma na lallashi agwagwa, alhali duk mun san wa ake lallashi.

Akwai kuma kayan ƙarin ruwa na wasa. Kafin nas ta taɓa 'yata, ita ce ke fara saka wa agwagwa nata, tana yi mata faɗa kada ta motsa. Da wuya wanda ya gama yi wa wani wannan faɗan ya fizge hannu idan an zo kansa. Agwagwar tana numfashi a hankali, yarinya ta rungume ta tana bi. Har yanzu tana hawaye idan allura ta shiga, amma an daina danne ta.

Kada a ɗora wa agwagwar abin da ba nata ba. Daren da ciwo ya tashi sosai, ba a ko kallon inda take, sai magani da ruwa da gasa jiki. Yaro da ya kai shekara 10 kuma ina jin zai ga abin ya yi masa yarinta.

Abin da ke ci min rai, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila, ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, amma ba a raba agwagwar a can. Na ce wa ƙanwata a Zariya ta sami 'yartsana da sirinji marar allura, ta zana fuskoki a kwali, ta bar ɗanta ya zama likita kafin a je asibiti. Masu zama a Amurka kuwa su tambayi ma'aikatan sashen yara, domin ba a sayar da ita a kanti.